Darussan fashin teku a jami'a

Ɗan'uwa, ka tambayi darussan da za ku saka a wasan kwaikwayonku na kwas ɗin fashin teku. Fara da Lissafin Ganima. A dokokin ɗan fashi Bartholomew Roberts, kyaftin da mai raba ganima kashi biyu-biyu suke ɗauka, talakan jirgi kashi ɗaya. Nan rigimar take, nan kuma dariyar take, musamman in ɗalibi ya kasa kasafi. Dokokin sun hana caca, fitila kuma a kashe ƙarfe 8 na dare.

Sai darasin lemon tsami, don rashin bitamin C ke sa dasashi jini har haƙora su zube. Gwajin aiki a Dam ɗin Dadin Kowa cikin kwale-kwale. Wanda ya yi amai kafin a bar gaɓa ya maimaita shekara.