Amsa ga 'yar'uwar da gaggawa ta cinye mata addu'a

'Yar'uwa, tun da na karanta tambayarki hankalina bai kwanta ba, kamar daga bakina kika ɗauko ta. Kin ce tun asuba kike gudu, ga aiki ga yara ga hidimar coci, dare ya yi ki kwanta ba ki buɗe Littafi Mai Tsarki ba, in ma kin durƙusa addu'a barci ne ke sace ki, kina tambaya yaya za ki rage wannan gudun. Ni na daɗe cikin wannan halin, mutane na yabona wai mai himma ce, ni kuwa cikina fayau, kamar fitilar da ake ta kunnawa ba mai zuba mata mai.

Nawa ya kai makura ne lokacin da mamana ke kwance asibiti. A wurinta nake kwana, da safe in wuce ofis, da yamma in ruga mitin ɗin ƙungiyar mata don ni ce sakatariya, ga koyon waƙa, ga ajin yara na Lahadi. Da na ga zan faɗi sai na je wurin shugabar ƙungiyarmu cikin ladabi na ce Mama, don Allah a sauke ni na ɗan lokaci har jikin uwata ya yi sauƙi. Ba ta ce min komai ba a lokacin, sai da mata suka cika ta buɗe Luka 9:62 ta karanta, wai wanda ya sa hannu ga garma ya waiwaya baya bai cancanci mulkin Allah ba, tana karantawa tana kallona. Kowa ya gane da wa take. Na fita na shiga banɗaki na yi kuka har muryata ta dishe, kuma kin san abin da ya fi min zafi, matar nan ba ta taɓa taka ƙafa ta zo duba mamana ba, amma wayarta kullum tana shigowa, ina rahoton mitin, ina lissafin baiko. Na yafe mata, da gaske na yafe, amma har yau in na ji an karanta ayar nan sai gabana ya faɗi. Aya ce ta Ubangijina aka mai da ita bulala.

To abin da ya ɗaga ni shi ne Markus 6:31. Almajirai sun dawo daga wa'azi, jama'a na ta zuwa da tafiya har ba su sami damar cin abinci ba, Yesu bai ce su ƙara ƙoƙari ba, cewa ya yi su zo wurin da ba kowa su ɗan huta. Shi kansa a Markus 1:35 ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe yana addu'a alhali kowa nemansa yake. Ki duba Iliya ma a 1 Sarakuna 19, mutumin da ya gaji har ya roƙi mutuwa, me Allah ya fara yi masa? Barci da abinci, har sau biyu, kafin daga baya ya yi masa magana da ƙaramar murya a dutsen Horeb. Don haka in barci na sace ki a addu'a kada ki yi ta tsine wa kanki, jikinki ne ya gaji, ki kwanta da wuri.

Ki ajiye abu ɗaya cikin hidimomin da ke kanki, a wannan watan. Za a yi gunaguni, a yi. Musa ma sai da surukinsa Yetro ya ce masa nauyin ya fi ƙarfinsa shi kaɗai, ya raba wa wasu, yana nan a Fitowa 18. Kuma in an kawo miki sabon aiki kada ki amsa nan take, ki ce zan yi addu'a a kai, ki yi ɗin kuwa. Waya kuma, kai, wayar nan! Ni yanzu ba ta kwana kusa da kaina, don in na fara buɗe WhatsApp da safe shi ke nan ranar ta tafi. Zabura ɗaya ta ishe ki, ki karanta da baki a hankali, ki maimaita, ki yi shiru kaɗan. Kada ki ɗora wa kanki tsarin gama Littafin cikin shekara yanzu, shi ma sai ya zama wani gudun.

Su kuma shugabanninmu da ke karantawa, ina roƙonku ku duba, mutane kaɗan ne ke ɗauke da komai a ikkilisiya, su ne waƙa su ne shara su ne ziyara, ba mai tambayarsu yaushe rabon su zauna su ji Maganar kamar Maryamu a Luka 10, wadda ta zauna tana sauraron Yesu 'yar'uwarta Marta kuwa na ta fama da hidima. Muna wa'azin Marta da Maryamu amma Marta muke nema kullum.

Ki gaya min hidimomi nawa ne a kanki yanzu, kuma maigida yana kama miki da yaran ko kuwa, sai mu duba tare wanne za ki fara saukewa. Ina sa ki a addu'a daren yau.