Awon rabin wata a faƙo

Ɗan'uwa, ka ce an gaya maka rabin wata, wato ramin tare ruwan sama mai siffar rabin da'ira, metir 4 ne, kana tambayar yadda ake zana shi a faƙon gonarku ta wajen Badagishiri, da nawa ke shiga hekta guda. Na daɗe ina wannan aiki a tudun Tahoua, ga yadda muke yi.

Metir 4 ɗin faɗin baki ne, daga wannan ƙaho zuwa wancan. Igiyarka kuwa metir 2 za ta kasance. Nan sababbi ke ɓata aiki: su yanko igiya metir 4, su zana ƙaton rami mai baki metir 8, wanda filinsa ya ninka na gaskiya sau huɗu, su kwana biyu suna dukan dutse da diga. Kafa turke a tsakiyar layin baki, ka ɗaura igiya, ka ja ƙusa a ƙasa daga ƙaho zuwa ƙaho. Shi ke nan.

Lissafin ba wuya. Tsawon bakan, inda ake jibge ƙasar da aka haƙo, 3.14 sau 2 ne, wato metir 6.28. Filin ciki kuma 3.14 sau 2 sau 2, a raba biyu, murabba'in metir 6.28. Kada dacewar lambobin nan ta ruɗe ka, igiyar metir 2 ce kawai ke kawo haka. In zurfi ya kai santimetir 20, ramin na riƙe wajen lita 1,250, tano shida ke nan da ɗoriya.

A kan layi ana barin metir 8 daga turke zuwa turke, tsakanin layuka kuma metir 4. Kowane rami ya ci murabba'in metir 32, shi ya sa kake jin masu aikin gandun daji na cewa 313 a hekta. Ramin layi na biyu ya zauna daidai giɓin na sama, don ruwan da ya sulale ya faɗa masa.

Ni dai na fi damuwa da alkibla a kan kyan zane. Baki ya kalli tudu inda ruwa ke gangarowa, ƙahonnin biyu kuma su zauna daidai wa daida. Ka gwada da siririn tiyo mai ruwa. In ɗaya ya fi ɗaya ƙasa, ruwan farko zai ɓalle ta nan ya yi maka zaizaya. Ka haƙa tun da rani, ka zuba taki kafin damina ta faɗi.