Ƙofar mage da ta kare a gidan Yamai: wace iri ce ta dace?

Tambaya

Assalamu alaikum likita. Ina zaune a unguwar Yantala, nan Yamai. Muna da mage guda, ga kuma karen gadi irin na Azawak da aka kawo wa maigidana daga wajen Tawa. Magen nan ta hana mu sakat. In an rufe falo saboda na'urar sanyi sai ta yi ta kuka tana yagar raga, in an buɗe mata kuma ba jimawa ta dawo tana neman shiga. Ƙanena da ke Faransa ya ce zai aiko mini da ƴar ƙaramar ƙofar nan da ake sawa a jikin babbar ƙofa, har akwai mai batir wadda ba ta buɗe wa kowa sai dabbar gidan. Ƙofarmu ta ƙarfe ce. Wace iri zan ce ya sayo? Kuma guda ɗaya za ta ishi magen da karen?

Wata mai karatu daga Yantala

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don ita ce mai sauƙin amsa: kada a yi musu ƙofa ɗaya.

Karen Azawak dogo ne siriri. Namijin da ya gama girma yakan kai santimita 64 zuwa 74 daga ƙasa zuwa saman kafaɗa, macen kuwa 60 zuwa 70. In ana so ya wuce ba tare da ya riƙa gogar bayansa ba, sai saman ƙofar ya kusan kai santimita 80 daga ƙasa, faɗinta kuma 25 zuwa 30. Ramin da ya kai haka, ba kare kaɗai zai bi ta cikinsa ba, mutum ma zai ratsa. Marfin da zai rufe shi kuma ya yi wa magen da ba ta wuce kilo 3 zuwa 5 ba nauyi. Ko ta kasa ture shi, ko ya dawo ya danne mata wutsiya, daga ranar kuma ba za ta ƙara kusantarsa ba. Akwai wani dalilin da na fi ba muhimmanci: ƙaramar ƙofar ita ce mafakar magen. Karen Azawak mafarauci ne tun asali, abin da ya ruga a guje sai ya bi shi, ko da sun saba da juna. Mage tana bukatar ramin da za ta faɗa ta bar karen a waje.

Shi karen, a ganina ba ya bukatar hanya zuwa cikin falo ko kaɗan. Aikinsa a tsakar gida yake, abin da yake nema shi ne inuwa mai kyau da ruwan sha wanda rana ba ta dafa ba. In kuna da ɗakin ajiya ko gareji da yake kwana a ciki, can ne ake iya buɗa masa ƙofa wadda ke fita tsakar gida, ba titi ba. A auna faɗin ƙirjinsa a ƙara santimita 5, a auna tsayinsa a kafaɗa a ƙara 3 zuwa 5. Tun da ƙafafunsa dogaye ne, ba sai ramin ya taɓa ƙasa ba: a bar dokin ƙofa na santimita 15 zuwa 20 ya riƙa tsallakewa, ramin ya ragu. Kada dai dokin ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa, domin tsufa na zuwa, gaɓoɓi na yin tsami.

To, mu dawo kan mage, tun da ita ce ta kawo maganar.

Kafin ƙanenki ya sayi komai, ki auna ta. Mage ba ta tsayawa a ɗora mata abin awo, saboda haka ki samu kwali babba, ki yanka rami mai faɗin santimita 15 da tsayi 15, ƙasan ramin ya yi daidai da tsayin cikinta in tana tsaye, wato wajen santimita 10 zuwa 15 daga daɓe. Ki tokare kwalin a bakin ƙofa, ki ajiye ɗan busasshen kifi a ɗaya gefen, ki zauna ki kalla. In ta sa kai ta wuce sumul, gashin gefenta bai goge kwalin ba, awon ya yi. In kin ga ta tsaya tana shinshinawa, ta lanƙwasa kafaɗa, ta ja ƙafar baya da ƙyar, ki ƙara santimita 2 ki sake gwadawa. Wannan adadin za ki aika Faransa, ki kuma ce masa ya duba girman ramin da magen za ta bi, domin a jikin kwalin kayan sukan rubuta awo biyu ko uku, na firam ɗin waje ya fi na ramin girma sosai. Yawancin ƙofofin mage da ake sayarwa a Turai ramin nasu na tsakanin santimita 14 da 16 a faɗi. Babban muzuru yakan bukaci na sama da haka. Af, kada a ja ra'ayinta da ragowar miya ko nama mai albasa. Mu mutanen albasar Galmi ne, kusan komai namu da ita ake yi, amma albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin mage da kare, ɗanye ko dafaffe.

Inda za a sa ƙofar ya fi irin ƙofar muhimmanci, kuma a nan ne nake so ki fi natsuwa. Masu ƙera waɗannan kaya sanyi suke tunani, yadda ɗumin ɗaki ba zai tsere ba. Mu abin da ke damunmu ƙura ce, da rana, da ruwan damina, da abin da ke rarrafe. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa tun daga Nuwamba har Fabrairu, marfi mara nauyi zai yini yana kaɗawa yana zuba miki ƙura a falo. Hadarin damina kuma daga gabas yake tasowa, duk magini ya san bangon gabas ne ke shan dukan ruwa. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 robar da ba ta da inganci takan lanƙwashe, bayan ɗan lokaci ta bushe ta tsage. Don haka ki nemi wuri a ƙarƙashin baranda ko rumfa, inda rana da ruwa ba sa kaiwa kai tsaye. Ki tuna kuma inda ruwa yake kaiwa a tsakar gidanku in an yi ruwan Agusta mai ƙarfi. Ƙasan ramin ya kasance sama da nan. Sannan ki tsaya daga waje ki gwada: in mutum ya zura hannu ko sanda ta ramin, zai kai ga sakata ko mabuɗin da aka bari a jikin ƙofa? In zai kai, wurin bai yi ba.

Ƙofar ƙarfe tana yankuwa, kowane mai walda zai yi miki. Abin lura shi ne bakin da aka yanka: a goge shi da magagari har sai kin shafa da yatsa ba ki ji kaifi ba, a shafa fenti don tsatsa, a kuma lulluɓe shi da firam ta yadda cikin magen ba zai taɓa ƙarfen ba. Ƙarfen da ya sha rana yana ƙona tafin ƙafa. Yawancin ƙofofinmu falle ɗaya ne na ƙarfe, su kuwa ƙofofin mage an yi su ne don ƙofa mai kauri, saboda haka sau da yawa sai kafinta ya ƙara ɗan katako a kewaye kafin su kama da kyau. In gidan naku ne, ni na fi son a huda bango. Bulo mai rami ne a ciki, dole a shafe cikin hanyar da siminti ta zama sumul, in ba haka ba kun gina wa kyankyaso da kunama gida. A ɗan karkatar da ƙasan hanyar zuwa waje don ruwa ya gangara. In gidan haya ne, a nemi izinin mai gida tukuna, ko a sa ta a jikin ƙofar raga, a ƙasa inda ake sa falle, wanda canja shi ba ya da wuya ranar tashi. Gilashi kuwa a bar shi. Irin mai taurin nan da ake sawa a ƙofofi ba ya yankuwa, tarwatsewa yake yi.

Yanzu ga mai batir ɗin. Yadda take aiki shi ne, likitan dabbobi yana sa wa mage wani ɗan cip mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lamba 15. In ta sa kai a bakin ƙofar sai na'urar ta karanta lambar ta saki makulli. SureFlap da PetSafe na cikin sunayen da aka sani da irinta, kuma galibi batir huɗu take ci, irin na AA. Fasaha ce mai kyau, kuma amfaninta ɗaya ne: hana magen maƙwabta shigowa. Ba ta hana ƙura ko sauro fiye da ƙofa mara batir. A gidanki kuma tana da matsala uku. Ƙarfe yana rikita mai karanta cip ɗin, har masu ƙera ta suna cewa a ƙofar ƙarfe sai an yanka rami mafi girma an sa wani faranti na musamman a tsakani. Ƙura tana toshe idanun na'urar, sai an riƙa gogewa. Zafi kuma yana rage kwanan batir, kuma ranar da ya mutu kina wurin biki, magen na iya yini a waje cikin rana. In wani abu ya lalace a ciki, gyaran sai dai a sake jiran mai zuwa daga Faransa. Akwai masu aiki da abin wuya maimakon cip, amma ba na son abin wuya ga magen da ke hawa katanga da bishiya, sai irin wanda ke ɓallewa da kansa in ya maƙale.

Abin da zan ce ƙanenki ya sayo shi ne mara batir mai makulli huɗu: a buɗe duka, shiga kaɗai, fita kaɗai, ko a rufe ruf. Ta kasance da mayen ƙarfe a ƙasan marfin don ya riƙa komawa ya kama, da gashin buroshi a gefe mai toshe kafa, marfin kuma mai haske da ake gani ta cikinsa, domin mage ba ta son faɗawa inda ba ta ga abin da ke jiranta ba. Ya haɗo da marfi na biyu na ajiya, shi ne ke fara lalacewa. Sai in muzuran unguwa sun addabe ku, suna shigowa suna fitsari a labule suna cinye abincinta, sannan mai cip ta cancanci kuɗinta, kuma a bango za a sa ta.

Ga waɗanda ba su da mai aiko musu, ba sai an je Turai ba. A kasuwar Katako za a samu duk abin da ake bukata: firam na alminiyam ko ƙarfe, marfi na robar cikin tayar babbar mota, ɗan siririn ƙarfe da za a ɗaure a ƙasan robar don nauyi, da mayen ƙarfe ƙarami. Ta ciki a yi wani falle mai zamewa a tsakanin siraran ƙarafa biyu masu kwari, wanda ake saukewa da dare. Robar ta ɗan fi ramin ƙanƙanta kaɗan don ta yi lilo gaba da baya ba ta maƙale ba. Tana aiki, kuma in ta tsufa canja ta ba komai ba ne.

Kowace iri kika sa, a rufe ta daga magariba zuwa safiya. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, kunama da ɓera da maciji ma lokacinsu ke nan, kuma faɗan muzurai da dare ya fi yawa. Makullin shiga kaɗai yana da amfani a nan: ki juya shi da la'asar, in ta shigo ta shigo ke nan. A ajiye mata roba da yashi a wani lungu don bukatarta, a riƙa kwashewa kullum, amma mai juna biyu kada ta yi wannan aikin.

A matsayina na likita, ba zan bar ki ba sai na faɗi wannan. Magen da ke fita tsakar gida za ta hau katanga, za ta haɗu da dabbobin da ba a san lafiyarsu ba, kuma ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu, mage ma tana kamuwa tana yaɗawa. A yi mata allurar rigakafi, ana fara ta daga wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likitanku ya tsara. Karen ma haka. In ba ki son ƴaƴa, a yi mata aikin hana haihuwa kafin a buɗe ƙofar, domin tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin kuma wata 2 ne da ƴan kwanaki. In akwai yaro mai rarrafe a gidan, ƙofar kare ta isa ya wuce, saboda haka a duba ko akwai rijiya ko buɗaɗɗen tanki a gefen da take fita.

Ranar da aka gama sawa, kada kowa ya kama magen ya tura ta ciki da ƙarfi. A ɗaure marfin sama da zare a bar ramin a buɗe na ƴan kwanaki, a riƙa kiranta da abinci daga ɗaya gefen. In ta saba, a sassauta zaren marfin ya sauko rabi har ya riƙa taɓa bayanta, daga baya a sake shi gaba ɗaya. Wata magen rana ɗaya ta ishe ta, wata sai ta yi mako biyu. In ƙarar mayen ƙarfen ce ke firgita ta, a manna masa ɗan salatif har ta saba, sannan a cire.