Horon kutse na halal: a kan na'urorin aiki ko a keɓe?

Malam, ka tambaya ko yaranka uku masu kula da kwamfutocin kamfaninku a nan Yamai za su iya koyon kutse na halal, wato gwada fasa na'ura da izinin mai ita don gano rauninta, kai tsaye a kan na'urorin da kuke aiki da su. A'a, kada su fara daga nan. Ka ware musu tsohuwar kwamfuta ɗaya mai ɗan ƙarfi, su sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutoci na gwaji a cikin kwamfuta ɗaya, su ɗora Kali Linux, tsarin aiki mai ɗauke da kayan gwajin kutse, da kuma Metasploitable, wadda dama an gina ta da ramuka don a koyi fasa ta. Duk kyauta ne, kuma in an sauke su ba sa neman intanet, abin da zai rage maka kuɗin data. Su fara da Nmap, manhajar binciken hanyoyin shiga na'ura, su ga ƙofofin da ke buɗe, sannan su buɗe Wireshark, mai nuna bayanan da ke wucewa tsakanin na'urori, su kalli kalmar sirri tana wucewa tsirara ta Telnet, tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba sai an sake yi masa wa'azi ba.

Sharaɗin shi ne, ran da hannunsu ya faɗa suka juyo kan na'urorin kamfani, sai da izinin shugaba a rubuce: wace na'ura, wace rana, ƙarfe nawa. Dokar 2019 kan laifukan intanet a Nijar ta haramta shiga na'urar wani ba izini, kuma "ai gwaji nake" ba ya fid da mutum. Na sha ganin bincike ɗaya na sabon hannu ya sandarar da tsohuwar kwamfutar lissafin kuɗi. Don haka su yi gwajin ranar Asabar, bayan an kwafi bayanai an ajiye.