Na Kasa Daina Sayen Kayan Sha'awa, Har Na Fara Ɓoye Wa Maiɗakina

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne mai shekara 34, ina da aiki da albashi daidai gwargwado. Shekara uku da suka wuce na kamu da sha'awar ɗaukar hoto, na sayi kyamara ɗaya. Yanzu ina da kyamara uku da gilasan kyamara bakwai, na kuma fara tara agogunan hannu, sai kuma ƙananan mutum-mutumin nan da ake sayarwa cikin rufaffen kwali, waɗanda ba ka sanin wanne ka samu sai ka buɗe. Yawanci da dare nake saye a waya. Idan kayan suka iso, murnar ba ta wuce kwana biyu. Ina lallashin kaina da cewa jari ne, wata rana za su yi tsada. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne na fara sa a kai mini saƙo wurin aiki don kada maiɗakina ta gani. Shin ciwo ne wannan? Kuma yaya zan daina ba tare da na rabu da abin da nake so ba?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne ka lissafa mini kayanka ɗaya bayan ɗaya amma ba ka ambaci hoto ko guda da ka ɗauka ba. A ganina sha'awa biyu ce ke tare da kai. Akwai ta ɗaukar hoto, wadda ka fara da ita, akwai kuma ta saye, wadda ta shigo daga baya ta laɓe a bayan ta farkon. Ta biyun ce ke cin kuɗinka, kuma za ka iya rabuwa da ita ba tare da ka taɓa ta farkon ba.

Murnar da ka ce ba ta wuce kwana biyu ba baƙon abu ba ce a wurin masu nazarin ƙwaƙwalwa. Kent Berridge na Jami'ar Michigan a Amurka ya shafe shekaru yana nuna cewa son samun abu da jin daɗin abin bayan an same shi ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Dofamin, wani sinadari da ke kai saƙo a cikin ƙwaƙwalwa, ya fi aiki a ɓangaren nema da ɗoki. Wolfram Schultz ya gwada haka da birai a shekarun 1990: da farko ƙwayoyin dofamin suna motsawa ne idan aka ba biri lada, amma da ya gane cewa wata alama ce ke zuwa kafin ladan, sai motsin ya koma kan alamar. Haka yake faruwa da kai. Daɗin yana cikin lalube a waya, da kwatanta wannan da wancan, da duba inda saƙo ya iso. Ranar da ka yage kwali, abin da ya tura ka ya riga ya ƙare aikinsa, shi ya sa kafin mako ya zagayo idonka ya koma kan wani. Gilashi na takwas ba zai kashe wannan ƙishin ba, domin ba rashin gilashi ya kawo shi ba.

A da, akwai abin da ke taka wa mutum birki: zafin fitar da kuɗi. Wanda ya ƙirga takardun kuɗi da hannunsa ya miƙa yana jin fitarsu a jikinsa. Drazen Prelec da Duncan Simester na jami'ar MIT da ke Amurka sun buga wani bincike a 2001 inda suka yi gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando. Wasu an ce musu da tsabar kuɗi za su biya, wasu da katin bashi. Tayin masu kati ya kai kusan ninki biyu na masu tsaba, a kan tikiti iri ɗaya. Masu sayar da kaya sun san wannan sarai. Kamfanin Amazon har haƙƙin mallaka ya samu a 1999 a kan dabarar saye da dannawa ɗaya. Duk matakin da aka cire tsakanin "ina so" da "na biya" an cire maka wata dama ce ta sake tunani. Ka haɗa wannan da dare, lokacin da ka gaji kuma ba kowa a kusa, za ka ga cewa a wurin da ka fi rauni ake tarar ka.

Kaya kuma suna kiran 'yan'uwansu. Masanin falsafar nan na Faransa, Denis Diderot, ya rubuta a ƙarni na 18 yadda sabuwar rigar zaman gida ta sa ya ga tsufan kujerarsa da teburinsa, ya yi ta sauya su har ya shiga matsi. Sabuwar kyamara tana neman sabuwar jaka, jaka ta nemi ƙafar ɗora kyamara, haka dai.

Bari in daɗe kaɗan a kan rufaffun kwalayen nan, domin su ne suka fi damuna cikin abin da ka lissafa. Cinikin biri a sama ne, kuma da gangan aka tsara shi haka. A ce jerin yana da kala 12, kuma kowace kala damar fitowarta ɗaya ce da ta sauran. Kwali na farko dole sabo ne a wurinka. Kafin ka haɗa kala shida na farko, kusan kwali 8 za ka saya, ka ga abin yana tafiya lafiya, kana jin ka ci rabin hanya. Amma shidan da suka rage za su ci maka kusan kwali 29. Kala ta ƙarshe ita kaɗai, a matsakaicin lissafi, kwali 12 ce. Jimilla kusan 37 don samun abu 12, sauran 25 maimaici ne da za su cika maka durowa. Wannan ma idan babu kalar da aka ƙaranta da gangan ke nan, alhali kamfanoni da yawa suna saka ta ɓoye guda ɗaya wadda ba ta fitowa sai jefi-jefi. Farfesa Paul Harper na Jami'ar Cardiff ya yi irin wannan lissafin a kan kundin liƙa sitikun 'yan wasa da kamfanin Panini ya fitar don gasar cin kofin duniya ta 2018: gurbi 682 ne, amma wanda zai cika shi shi kaɗai ba tare da musaya da kowa ba sai ya sayi sitika sama da 4,800. Lura da inda tarkon yake. Tsadar tana hauhawa ne daidai lokacin da ka fi jin ba za ka iya bari ba, wato lokacin da gurbi ɗaya ko biyu suka rage suna kallonka.

Ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi kowane lada riƙe mutum. B. F. Skinner ya nuna haka tun tuni da tattabaru, kuma a kan wannan ƙa'idar aka gina injin caca. Shi ya sa a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi cikin wasu wasannin kwamfuta a matsayin caca, China kuma a 2023 ta hana sayar wa yara 'yan ƙasa da shekara takwas irin waɗannan kwalaye. Shawarata a nan ba ta da sassauci: ka daina sayensu gaba ɗaya. Idan akwai kala ɗaya da ranka ya kwanta da ita, nemi wanda ya riga ya buɗe ka saya a hannunsa, ka san abin da kake biya.

Maganar jari kuwa, ban yarda da ita ba, kuma ina jin kai ma ba ka gama yarda ba tunda ka ce lallashin kanka kake yi. Gaskiya ne akwai agogo da kati da tsohuwar kyamara da suka yi tsada, amma labarin waɗannan 'yan kaɗan ake yayatawa, na dubban da suka faɗi ba mai ba da shi. A ƙarshen shekarun 1990 mutane a Amurka sun zuba ajiyarsu cikin 'yan tsanan Beanie Babies. Kamfanin Ty da ke ƙera su yana ta sanar da dakatar da wasu kaloli, farashi yana tashi a hannun masu sake sayarwa. Zuwa farkon shekarun 2000 kasuwar ta rushe, aka bar mutane da akwatuna cike. Abin da aka ƙera da yawa, kowa kuma ya adana nasa cikin leda, ba ya zama abin nema.

Akwai kuma abin da ke sa mu ga namu ya fi daraja. A gwajin da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka buga a 1990, an raba wa wasu ɗalibai kofuna, wasu ba a ba su ba. Waɗanda aka ba sun nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya, alhali mintoci kaɗan ke nan da kofin ya shiga hannunsu. Don haka ga gwaji mai sauƙi. Ɗauki abu uku cikin kayanka, ka duba nawa aka sayar da irinsu, ba nawa masu shi suka sa ba. Cire kuɗin aike da kason dandalin sayarwa. Abin da ya rage shi ne darajar jarin naka.

Ka tambaya ko ciwo ne. Ba zan iya yanke hukunci daga wasiƙa ba. Likitoci sun daɗe da sanin sayayyar da ta fi ƙarfin mai ita, Emil Kraepelin ya bayyana ta tun 1915, kuma wani bincike da Lorrin Koran na Jami'ar Stanford ya jagoranta a 2006 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 5.8 cikin 100 na manya a Amurka suna fama da ita, maza da mata kusan daidai. Ba yawan kaya ake dubawa ba. Mai tara kaya na gaske yana da iyaka, ya san abin da yake nema, yana fito da kayansa yana nuna wa mutane. Abin da ake dubawa shi ne ko ka yi niyyar bari ka kasa sau da yawa, ko ka fara cin bashi ko taɓa kuɗin haƙƙin iyali, ko kana saye ne don ka danne ɓacin rai, ko kana ɓoyewa. Ka riga ka faɗi na ƙarshen da bakinka, kuma ba na ɗaukarsa da wasa. Idan biyu ko uku cikin waɗannan sun same ka, ka ga masanin halayyar ɗan'adam. Jinyar tattaunawa wadda ke gyara tunani da ɗabi'a ita ce ta fi nuna amfani. Idan kuma sayayyar tana zuwa ne a wasu kwanaki da barci ke ƙaurace maka, kana jin ƙarfi da zumuɗi fiye da kima, ko ta faro bayan ka fara shan wani magani (wasu magungunan cutar Parkinson suna jawo haka), to likita za ka gani, kada ka jinkirta.

Kada ka dogara da ƙarfin zuciya a lokacin da yatsanka ke kan maɓalli, ta riga ta makara. Da rana, da hankalinka a kwance, za ka shirya wa daren. Fara da zama da bayanan asusunka na wata goma sha biyu, ka haɗa duk abin da ya tafi a kan waɗannan kaya, ka rubuta jimillar a takarda. Zai yi zafi, amma wannan zafin ne waya ta ɗauke maka, kana kuma buƙatarsa. Daga nan goge lambar katinka daga duk manhajar da ta adana ta, ka kashe sanarwar ragi, ka daina bin shafukan da aikinsu nuna sabon kaya. Wayar ta kwana a wajen ɗakin barci.

Duk abin da ya burge ka, rubuta shi a littafi da kwanan wata da kuma halin da kake ciki a lokacin: gajiya, faɗa a wurin aiki, kaɗaici, ko shigar albashi. Ƙaramin abu ya jira kwana uku, babba ya jira wata guda. Za ka ga yawancinsu sun mutu a shafin da kansu, kuma layin halin da kake ciki zai nuna maka abin da sayen yake rufewa. Ban da kwalayen nan, ba na ce ka hana kanka komai ba, domin hani na gaba ɗaya yakan ƙare da ramuwar gayya. Ware wani kaso ƙayyadadde a wata, bayan an fitar da na gida da ajiya da biyan bashi, a asusu daban. In ya ƙare, ya ƙare. Kuma kada sabon abu ya shigo sai wani ya fita.

Ga kyamara, ɗauki ɗaya da gilashi ɗaya ka yi wata guda da su kaɗai, kana ɗaukar hoto kullum ko da na minti goma ne. A ƙarshen watan za ka san ko har yanzu kana son sana'ar, za ka kuma san waɗanne gilasai ne ba ka nema ba ko sau ɗaya. Su za ka fara sayarwa, ko da da asara, kuɗin ya tafi kan bashi idan akwai.

Maiɗakinka kuma, ka gaya mata a cikin wannan makon, kafin ta gano da kanta. Zaɓi lokacin da babu hayaniya, ka kawo takardar jimillar, ka faɗi adadin yadda yake ba ragi, ka faɗa mata batun saƙonnin da ake kai maka wurin aiki. Mai yiwuwa ɓoyewar ta fi kuɗin yi mata ciwo, don haka kada ka yi gaggawar kare kanka, bar ta ta faɗi abin da ke ranta. Sannan ka nuna mata tsarin da ka yi, ku tsayar da kason wata tare, ka ba ta damar ganin asusun a duk lokacin da ta so. Adireshin karɓar saƙo kuwa, mayar da shi gida tun yau. Allah ya yi maka jagora.