Wane albarushi ya dace da ƙananan harsasan raifal?

Ɗan'uwa, ka ce kana son fara ɗura harsashin .223 Remington da kanka, kuma yawan sunayen albarushi ya ruɗa ka. Abin dubawa na farko shi ne saurin cin wutarsa. Ƙaramin kwanso da kan harsashi mara nauyi suna son mai ɗan sauri, kamar H335 ko Vihtavuori N133. In kan ya yi nauyi, mai nauyin giren 69 zuwa 77 (giren shi ne ma'aunin nauyin kan harsashi da albarushi), sai a koma wa mai ci a hankali irin su Varget.

Sai siffar ƙwayarsa. H335 ƙanana ne, masu zuba sumul a ma'auni. Varget kuwa 'yan sanduna ne, wani sa'in har ka ji ma'aunin yana datse su, amma zafi da sanyi ba su cika sauya shi ba. Ni dai shi na fi yarda da shi don wannan dalilin.

Don Allah kada ka ɗauki awo a bakin kowa, har da ni. Nemi littafin awon ɗura harsashi na kamfanin Hornady ko na Lyman, ka fara daga mafi ƙanƙantar awo, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ka kula da sunan albarushi sosai: IMR 4198 daban, H4198 daban, duk da lambarsu ɗaya. Albarushin ƙaramar bindiga kuma yana iya tarwatsa raifal a hannunka, kada ma ya kusanci teburinka. In bayan harbi sakatar raifal ta yi tauri wajen buɗewa, ko hular gindin kwanso ta baje, dakata nan take, ka kai wa ƙwararren maƙerin bindiga ya duba. Ka kuma tabbatar dokar ƙasarku ta ba ka izini.