Ƙafar Jingina Bindiga: Wace Zan Saya, Kuma a Ina Ake Ɗaura Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a ƙasar Gwaram, kuma da rani ina farautar zomo da zabin daji da ƙaramar bindigata mai cin harsashin .22, wadda nake da lasisinta. Shekaru sun fara ja, hannuna yana rawa idan dabba ta yi nisa, har sau biyu ina raunata zomo ya gudu da ciwo, abin da ya dame ni ƙwarai. Ɗana ya nuna mini ƙafafu biyu da ake ɗaura wa bindiga, amma abokan farautata sun ce ɓarnar kuɗi ce, in kai wa mai walda ya liƙa mini rodi biyu a jikin bututun. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da damuwar da ka nuna a kan dabbar da ta gudu da rauni, domin wannan damuwa ita ce dalilin da ya dace mutum ya nemi abin jingina.

Abu na farko da za ka duba shi ne tsayi, kuma ƙasar da kake farauta a kai ce za ta zaɓa maka shi. Gajeriyar ƙafa mai inci 6 zuwa 9 an yi ta ne don mai harbi a kan tebur ko mai kwanciya rub da ciki a fili tas. A gonakinmu kuwa, inda akwai kunya da kututturen karan dawa da busasshiyar ciyawa, idan ka kwanta da ita ba za ka ga komai ba sai kara. Mai inci 9 zuwa 13 ta fi dacewa da kwanciya, amma ga mai shekaru irinka na fi son doguwa wadda takan miƙe daga wajen inci 13 zuwa 27, domin tana ba ka damar harbi a zaune. Ka nemi wadda kanta ke karkata dama da hagu, saboda ƙasar gona ba ta taɓa zama daidai, kuma bindigar da ta karkace takan kai harsashi gefe idan nisa ya ƙaru. Kamfanin Harris na Amurka yana yin irin da ke kama ɗan ƙarfen da ake maƙala maratayi a gaban ƙota, wato katakon bindiga, kuma ita ce ta fi sauƙin ɗaurawa a bindiga irin taka. Wata irin ƙafar mai suna Atlas ta fi tsada, kuma yawancinta sai an sa wa ƙota wani layin ƙarfe mai suna Picatinny kafin ta zauna. Jabun duka biyun sun cika kasuwa, don haka ka buɗe ƙafafun, ka danna su da ƙarfi, in sun yi lako-lako ka ajiye.

Sai maganar walda, wadda ita ce ta sa na ɗauki tambayarka kafin sauran. Kusan kullum sai na ji wannan shawara a bakin mafarauta, kuma na gaji da karɓar bindigogin da aka lalata ta wannan hanya ana roƙona in gyara abin da ba ya gyaruwa. Ƙafa a jikin ƙota ake ɗaura ta, ba a taɓa bututu da wuta, ba a huda shi, ba a ɗaure shi da noti. Bututun bindiga ƙarfe ne da aka tsara ƙarfinsa a masana'anta don ya jure matsin da ke tashi idan albarushi ya kama. Ko a ƙaramin harsashinka na .22 matsin yana iya kaiwa 24,000 a ma'aunin da ake gwada iskar taya, alhali tayar ƙaramar mota 30 da 'yan kai take ɗauka, kuma a manyan bindigogin farauta irin .243 yana kaiwa 60,000. Zafin walda yana sauya yanayin ƙarfen a daidai wurin da ya taɓa, wani sashe ya yi laushi, wani ya yi gautsi, bututun ma yakan ɗan lanƙwashe, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya daga ciki. Mai walda zai goge wurin ya shafa baƙin fenti, ka yi harbi goma lafiya, ka ɗauka aiki ya yi kyau, alhali rauni yana nan a wurin da hannunka na hagu ke riƙewa, kusa da fuskarka.

Masu wannan shawara sukan kafa hujja da manyan bindigogin soja da suke gani da ƙafa kusa da baki. Waɗannan tun daga masana'anta aka ƙera su da mazaunin ƙafar, kuma aikinsu watsa harsasai ne da yawa, ba neman kan zomo da harsashi ɗaya ba. Ko da walda ba ta raunana ƙarfen ba, burinka na saiti ya riga ya lalace, domin bututu yana girgiza duk lokacin da harsashi ke wucewa, kuma daidaiton harbi ya dogara ne a kan girgizar ta zama iri ɗaya kullum. Idan nauyin bindiga ya hau kan bututu, harsashi zai faɗa wuri dabam a kan yashi, wuri dabam a kan busasshiyar laka, sai ka ƙara raunata dabbobin da kake tausayi. Ka sani kuma dokar makamai ta 1959 ba ta yarda kowa ya yi gyaran bindiga ba sai wanda aka ba izini, saboda haka kai da mai waldar duka kuna jefa kanku cikin matsala. Ba na zargin masu walda a kan sana'arsu, sun iya ƙofa da kurar shanu, amma wanda ya karɓi bindiga ya kunna mata wuta don 'yan kuɗi kaɗan yana wasa da idon ɗan'uwansa ne, kuma mai ba da shawarar yana da nasa kason na alhaki.

Idan kuɗin ƙafa ta gaske bai samu ba a bana, ka sari gora biyu masu tsayin da zai kai ƙirjinka a zaune, ka ɗaure su da robar tiyub kusa da sama su zama gwafa, ka ɗora gaban ƙota a kai. Mafarauta a kudanci da gabashin Afirka da irin waɗannan sanduna suke harbi har yau. Duk wadda ka samu, ka gwada ta a kan kwali a gaban tudu, a nisan mita 50, kafin ka fita daji, kuma ka tsaya a nisan da harbinka ke taruwa wuri ɗaya, domin ƙafa tana rage rawar hannu ne kawai, ba ta ƙara wa harsashi ƙarfi.